Mun Je Hoton Juna Biyu, Mun Dawo da Fasfo

Assalamu alaikum Anti Haulatu.

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi da wuri, domin lokaci ya ƙure mini. Na san in kin karanta dariya za ki yi. Ni ma in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai a ɗaki har sai na riƙe ƙugu, amma a ƙarƙashin dariyar akwai abin da yake cin raina.

Ni matar aure ce a Maigatari, asalina 'yar Sule Tankarkar ce. Allah ya ba ni juna biyu, na fari, bayan mun ɗan jima muna jira har masu ƙirga wa mutane shekaru sun fara ƙirga mana. Yanzu ina cikin wata na bakwai, lafiyata ƙalau, in ban da kwaɗayin goruba da ya sa ni a gaba har haƙorana suna tsami. Murna kuwa ba a magana. Maigidana, bari in kira shi Dogo, ba sunansa ba ne amma duk wanda ya gan shi ba zai ce na yi masa ƙazafi ba, tun ranar da aka tabbatar mana a asibiti bakinsa bai rufu ba. Ko bokiti ya ga na sunkuya zan ɗauka sai ya taso da gudu kamar gobara ta tashi.

Dogo dillali ne a kara, wato kasuwar dabbobi. Ranar Alhamis in kasuwa ta ci, daga bakin titi kina iya jiyo muryarsa a tsakiyar Fulani da Buzaye da mutanen Damagaram, yana taya sa, yana rantsuwa, yana jan hannun mai kaya. Ba ya jin nauyin kowa. Amma wani ya ɗaga waya ya ce tsaya in ɗauke ka, sai ya yi tsuru-tsuru, ya rasa inda zai sa hannunsa. Ni ma ban fi shi ba. Hotunan bikinmu abin tausayi ne: ni a lulluɓe kai a ƙasa kamar yadda amare suke yi, shi kuma ya kare fuska da hannun babbar riga. Wanda bai san mu ba zai ɗauka tufafi ne aka ɗaura wa aure.

To a wajen awo ne wata baiwar Allah da muke zama benci ɗaya ta nuna mini hoton da suka yi ita da mijinta a wajen mai hoto, tana da tsohon ciki. Ba irin na fitsara da ake gani a waya ba, tana cikin suturarta tsaf, ta ɗora hannu a kan cikin, shi yana tsaye a gefe. Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai, kuma ba don gayu ba ne.

Anti, Innata ta rasu wajen haihuwar ƙanina Anas, ina 'yar ƙarama ban san komai ba. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Gwaggo Kyauta, ƙanwar Babana, ita ta raine mu, kuma ba ta taɓa bari mun yi kukan maraici ba, Allah ya saka mata. Amma in na tambayi kamannin Inna, wannan ya ce fara ce, wannan ya ce wankan tarwaɗa ce, wata ta ce na ɗauko goshinta, wata ta ce a'a, tafiyarta kawai na ɗauko. Na haɗa na haɗa, fuska ta ƙi fita. Yanzu da haihuwa take matsowa, gaskiya ina jin tsoro, ban taɓa furta wa kowa ba sai ke. Ina so in Allah ya ƙaddara ban tashi ba, abin da na haifa ya ga fuskata, ya ga ina murna da shi tun yana ciki, ya ga ubansa a kusa da ni. Dogo ma ban faɗa masa wannan ba, cewa kawai na yi ina so don tarihi.

Na sha fama kafin ya yarda. Da na ga lallashi ya ƙi ci sai na daina cin goruban da yake kawo mini, a nan ya sauko. Amma ya kafa sharuɗɗa. Ba a Maigatari ba, inda kowa ya san shi, sai dai Gumel. Kuma ranar Alhamis, domin a lissafinsa duk wanda ya san mu yana kasuwa a ranar. Ki duba fa, dillali ya haƙura da kasuwar Alhamis, ya aika wa abokan sana'arsa cewa kansa ke ciwo. A nan na ƙara sanin mutumin nan yana ƙaunata.

Na yi kitso, na yi lalle hannu da ƙafa, na sa sabuwar atamfar da aka ɗinka mini da faɗi, har turare na fesa kamar hoto yana ɗaukar ƙamshi. Muka shiga mota muka tafi Gumel, shagon wani mai hoto da ake kira Ubale. Tun daga ƙofa Dogo ya fara ja da baya, domin bangon waje cike yake da hotunan mutane, amare da angwaye da jarirai, kowa ya wuce yana kallo. Na dai ja shi muka ɗaga labule. Wa za mu gani zaune a benci, da hularsa da sandarsa? Babana. Ashe hoton katin ƙungiyar manoma ya zo yi, kuma shi ma Alhamis ya zaɓa saboda ranar ce mota ba ta wuya daga Sule Tankarkar.

Ban san lokacin da Dogo ya tuɓe takalmi ya durƙusa ba, gumi yana bin wuyansa. Ni kuma na ja mayafi na rufe har gwiwa, wai ina ɓoye cikin da ya riga ni shiga shagon. Tun da cikin ya fito ban yarda mun haɗa ido da Baba ba, kin san kunyar na fari. Baba ya amsa gaisuwa ya mayar da idonsa bango, ya yi mana kawaici irin na manya. Sai Ubale ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, wane iri za a yi muku?" Dogo kansa a ƙasa ya ce, "Fasfo." Baba ya ce madalla, mu fara tunda muna da nisa, shi ba ya sauri. Haka aka zaunar da mu ɗaya bayan ɗaya a gaban farin ƙyalle, Baba yana zaune, har Ubale yana ce mini, "Hajiya, ban da murmushi." Lalle bai fito ba, atamfa ba ta fito ba, wanda aka zo dominsa ma bai fito ba. Kawunanmu kawai aka ba mu a 'yar leda, kowa ya zare ido kamar wanda ake nema.

Muka shiga mota muka fita gari. Sai Dogo ya zaro nasa ya kalla, ya miƙo mini, muka kwashe da dariya har direba yana waiwayowa. Da abin ya tsaya a nan da da sauƙi.

Kwana biyu sai ga wayar Gwaggo. Baba ya ba ta labarin ya gan mu, ita kuma ta yanke nata hukuncin: miji da mata su yi fasfo tare, ba sai Makka ba? Kafin in buɗe baki ta fara sa mana albarka tana faɗa a lokaci guda. Yanzu duk dangi sun ɗauka Umra za mu. Wannan ta aiko a taho mata da zamzam, wannan dabino, Anas har ya faɗi kalar jallabiyar da yake so. Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba, domin in na ce a'a za a tambaye ni to fasfon na mene ne. Gwaggo kuwa ta ce ba mai sa mata 'ya a jirgi da tsohon ciki tana raye, don haka ta matso da ranar da za ta zo ta tafi da ni goyon ciki. Juma'ar sama za ta zo.

Kin san in na koma gida shi ke nan. Dogo ya zama baƙo, daga zaure zai gaisa ya juya, sai bayan arba'in. Gwaggo kuma mace ce da ta yi imani ciki ba a nuna shi, ko gidan biki ba ta son in je saboda bakin mutane, balle a ce hoto. Shi kuma Dogo ya ce shi da shagon mai hoto har abada.

Anti, abin da nake so laifi ne? In ba laifi ba ne, yaya mutum biyu masu kunya irinmu za su tsaya a gaban mai hoto ba su zama gumaka ba? Yaya zan yi da Gwaggo, kuma yaya zan yi da masu jiran zamzam?

Taki,
Hajiyar da ba ta je ba, Maigatari.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Kin yi gaskiya, na yi dariya, har na karanta wa kaina wajen fasfon sau biyu. Da na zo wajen Innarki kuma sai na ajiye takardar na yi mata addu'a. Allah ya jiƙanta, ya sa aljanna ce makomarta. Ina taya ku murna ke da Dogo, Allah ya inganta.

Abin da kike so ba laifi ba ne, matuƙar kina cikin suturarki kuma da mijinki za ki yi. Amma kada ki ɗauki Gwaggo a matsayin wadda ba ta waye ba. Ita ta ga abin da haihuwa ta yi a gidanku, ita ta ɗauki jariri da 'yar ƙarama ta raina, dole ta yi kaffa-kaffa da ke. Maganarta ta baki da ido kuwa ba a banza take ba, ni ma ba na goyon bayan a baza ciki a waya kowa yana tofa albarkacin bakinsa. Sai dai ɗaukar hoto daban, tallarsa daban. Gwaggo talla take gudu, ke kuma ajiya kike so. In kin duba da kyau ba ku saɓa ba.

Fara da kashe maganar Umra, yau ba gobe ba. Ba ku yi ƙarya da baki ba, amma shirunku yana ciyar da ita, kuma kullum ƙara ƙiba take. Kira Gwaggo lokacin da kika san ita kaɗai ce, ki ce mata ba inda za ku. Sannan ki faɗa mata abin da kika faɗa mini, yadda kika faɗa mini: ba ki san fuskar Innarki ba, ba kya so naki ya taso haka. Ba na jin matar da ta goya ki za ta ji wannan ta tsaya ja-in-ja. In ta yi faɗa ki bar ta ta yi, na tsoro ne. Masu zamzam kuma ki bar ta da su, ita ta tara su, ita ta san yadda za ta sallame su. Babanki kuwa kada ki damu da shi. Dattijon da ya ga lalle da sabuwar atamfa ya san ba fasfo aka zo yi ba, ya dai rufa muku asiri ne.

Dogo ma ki gaya masa gaskiyar dalilinki. Kin ba shi rabin magana ya bar kasuwar Alhamis, ina ga kin ba shi cikakkiya? Rantsuwar da ya yi ta zafin kunya ce, za ta huce.

Yanzu ga yadda za ku yi. Kada ku sake faɗawa shago kai tsaye kamar masu sayen gishiri. A yi waya tukuna a tsayar da lokaci, da hantsi a ranar da ba kasuwa, a ce ana so a rufe ƙofa har ku gama. Ki tambaya ko akwai mace mai ɗauka, yanzu ana samunsu, in ba a samu a Gumel ba matan wajen awo za su san wata. Kafin a ɗauki ko ɗaya a yi magana a fili: ba za a liƙa ku a bango ba, ba za a sa ku a waya don jawo ciniki ba, in an wanke an ba ku za a goge sauran a gabanku. Mai hoton kirki ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya yi gardama ku bar masa shagonsa.

Kuskuren masu kunya shi ne su tsaya ƙiƙam su zuba wa na'ura ido suna jiran a harbe su. Ba dole ba ne ku kalle ta ko sau ɗaya. Ku roƙa a shimfiɗa tabarma ko darduma ku zauna kamar a tsakar gidanku, domin zama ya fi tsayuwa sauƙi, ga shi kuma zai rage wa Dogo tsawo ku daidaita. Hannu shi ne yake fara tona asirin mai kunya, saboda haka ku ba shi aiki. Ki tafi da gorubarki a 'yar faranti, ya riƙa miƙo miki kina karɓa. Ki sake yin lallen nan, a ɗauki hannunki a kan cikin, nasa a kan naki, wannan ko fuska ba ya bukata, da shi za ku fara har jiki ya saki. Sai a ɗauke ki ta gefe cikin doguwar riga mai faɗi da mayafi, kina kallon ƙasa, haske yana fitowa ta bayanki. Wannan yana nuna cikin ba tare da ya nuna komai ba. Wasu masu hoton ma suna kafa na'urar a kan ƙafafunta su ba ku ɗan abin latsawa su fita waje, ku tambaya ko yana da shi.

Ga kuma maganin Dogo na musamman. In kun zauna, ki tambaye shi wane irin rago ya yi niyyar yankawa ranar suna, sannan ki kushe shi. Ki ce kin ji an ce balami ya fi uda, ko ki ce ragon maƙwabta zai fi nasa. Dillali ba ya jin an kushe dabbarsa ya yi shiru. Zai manta da mai hoto, ya manta da duniya, ya buɗe hannu yana kwatanta miki ƙaho da wuya, ke kuma dariya za ta kama ki. Ki faɗa wa mai ɗaukar tun farko cewa wannan lokacin ake jira.

Amma guda ɗaya tilas ki daure ki ɗaga kai ki kalli na'urar sosai, fuska a buɗe, da murmushinki. Shi ne kika zo nema. Kada ki tuna da mai hoto, ki ɗauka wanda yake cikin ne yake kallonki.

In ranar ta ƙure ba ku samu yi ba kafin Juma'a, ba abin tashin hankali ba ne. Hanyar Gumel ba baƙuwar Gwaggo ba ce. Ki roƙe ta ku biya, ta zauna a bakin ƙofa ta yi muku gadi, na tabbata ko ƙuda ba zai shiga ba balle suruki. In kun gama Dogo ya fita, ita ta shigo a ɗauke ku tare. Ita ma uwa ce, kuma ita ma wata rana za a tambayi kamanninta.

Saura tsoron da kika ambata, wanda shi ne ainihin wasiƙarki. Tsoron ba abin kunya ba ne, kuma ba rashin tawakkali ba ne. Amma hoto ba ya maganinsa. Ranar awo mai zuwa ki buɗe baki ki gaya wa ma'aikaciyar jinya yadda Innarki ta rasu, domin su san irin kulawar da za su ba ki. Ki tafi da katinki Sule Tankarkar, ki ci gaba da awo a can, kuma tun yanzu ku yi magana da Gwaggo da Dogo cewa a asibiti za ki haihu, a san motar da za a kira da wanda zai raka ki, kada a jira sai naƙuda ta yi nisa. Ki sha magungunan ƙarin jinin da aka ba ki, ki ci abinci ba goruba kaɗai ba, ki riƙe addu'a. Rai na Allah ne, amma kwanan Innarki nata ne, ba gado ba ne da za a raba miki.

Don haka kada ki shiga shagon nan da zuciyar mai barin wasiyya. Ki shiga da zuciyar mai shirin tarbar baƙo. Fatana da addu'ata shi ne ba wani ne zai ciro hoton daga akwati ya nuna wa yaron nan ba. Ke da kanki za ki zaunar da shi a cinyarki, kunyar ɗan fari ko ba kunya, ki ɗora yatsa a kai ki ce masa ga ni, ga babanka, kai kuma ga ka nan a ciki.

Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa a kan sunna, ya bar ki da Dogonki. Ki gaishe mini da Gwaggo Kyauta.

Anti Haulatu